Asabar: Mun Zaɓa wa Tsohuwar Kwamfuta Sabon Tsari

Yinin yau gaba ɗaya kwamfutar ɗiyar yayata ce ta cinye shi, kuma raina fes. Tun da hantsi ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gida, jaka a rataye, hazon hunturu ya yi mata fari a gira. Tana karatun noma a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Ƙulodo, bana ne za ta rubuta kundin kammalawa. Kwamfutar ta hannu ce, babanta ya saya mata a kasuwa: ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) giga 4, diski irin mai juyawa, batir kuma ya tsufa. Windows 10 ne a kanta, wanda ba a san asalinsa ba, kullum da rubutu a gefen allo yana neman a yi masa rajista. In ka kunna ta, sai ka iya dafa shayi kafin ta farka.

Bayan mun gaisa ta ce, "Kawu, an ce wai Windows ɗin nan ya mutu. Ku duba mini, ba na son aikina ya salwanta."

Na ce mata bai mutu ba, yana aiki, amma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aiko masa da gyaran tsaro na yau da kullum. Duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano daga nan gaba, a buɗe za ta zauna. Windows 11 kuwa yana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta zamani, mafi yawa daga ƙarni na 8, wato zubi na takwas na ƙwaƙwalwar kamfanin Intel, zuwa sama. Tata ta ƙarni na 4 ce. Kuɗin sabuwa babu su. Shi ya sa na kawo mata maganar Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows.

Abin da ya fara ɗaure mata kai shi ne yawan sunaye. Ta bincika a wayarta ta ga Ubuntu, Mint, Debian, Fedora, Zorin, Arch, ta ce ita fa ɗaya take so, wanne ne na gaskiya a ciki? Na ce duka na gaskiya ne. Gero ɗaya ne, wani ya yi fura da shi, wani tuwo, wani kunu. Zuciyar tsarin, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, ita ce a cikinsu duka, har da wayar Android da ke hannunta. Tunda rubutun manhajar a buɗe yake, kuma lasisinta ya yarda kowa ya karanta, ya gyara, ya raba, sai ƙungiyoyi da kamfanoni kowa ya harhaɗa nasa. Wannan ne ya fi burge ni a cikin lamarin. In na kwafa wa maƙwabci, ban saci kayan kowa ba, kuma ba wanda zai zo ya ce in biya. Ni da na daɗe ina jin nauyin amfani da manhajar da aka fasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Muka zauna a zaure muka fara tankaɗe. Arch na ture shi gefe tun farko, na ƙwararru ne, mai koyo zai sha wuya a banza. Fedora tsari ne mai kyau, sai dai kowane wata shida ake fitar da sabo, kuma kowane fitowa wata 13 ko kusa da haka ake kula da shi. A garin da intanet ke da arha wannan ba matsala ba ce. A nan kuwa, sauya tsari gaba ɗaya kowace shekara na nufin kuɗin data masu yawa, ga rezo da ke zuwa yana tafiya. Debian, wanda ya samo asali tun 1993, dattijo ne mai natsuwa, kuma a kansa aka gina Ubuntu, amma yana son wanda ya ɗan san hanya. Akwai kuma Emmabuntüs, wanda wasu ƴan sa-kai a Faransa suka shirya musamman don tsofaffin kwamfutocin da ake gyarawa a ba makarantu da ƙungiyoyi. Ina girmama aikinsu, amma ban san kowa kusa da mu da ke amfani da shi ba, kuma wannan babban ma'auni ne a wurina: ranar da abu ya cije, wa za ta tambaya?

Saura Ubuntu da Linux Mint. A nan muka daɗe.

Ubuntu shi ne ya fi suna. Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya kafa shi a 2004, kuma kowace shekara biyu a watan Afrilu ana fitar da nau'i mai dogon zango da ake kula da shi shekara biyar. Duk matsalar da ka rubuta a intanet, da Faransanci ko da Turanci, za ka tarar wani ya riga ka tambaya an ba shi amsa. Amma abubuwa biyu suka hana ni zaɓa mata shi. Na farko nauyi: fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kai kusan giga 6, fuskarsa kuma tana son ram mai yalwa, giga 4 shi ne ƙaramin abin da suka ce a samu, wato daidai wuya ke nan. Na biyu, tsarin allonsa ya sha bamban da abin da ta saba. Mai ƙoƙarin gama kundi ba ta da lokacin neman inda aka ɓoye maɓalli.

Mint kuwa, wanda Bafaranshe Clément Lefèbvre ya fara a 2006, a kan Ubuntu aka gina shi, don haka kusan duk amsar da aka ba mai Ubuntu za ta yi wa mai Mint aiki. Fayil ɗinsa bai kai giga 3 ba. Jerin Mint 22 za a ci gaba da kula da shi har 2029, ka ga ta gama jami'a ta fara aiki ba a sake taɓa shi ba. Sannan in ka buɗe shi, ga menu a ƙasa ta hannun hagu, ga agogo a dama, kamar yadda idonta ya saba. Fuska uku yake zuwa da su: Cinnamon, MATE da Xfce. Cinnamon ta fi kyan gani, Xfce ta fi sauƙi a kan tsohuwar na'ura. Na ce mata ba zan yanke hukunci da baki ba, kwamfutar ce za ta faɗa mana.

Bayan azahar muka tafi wajen wani mai gyaran kwamfuta kusa da babbar kasuwa, don na san yana ajiye irin waɗannan fayiloli, kuma ya fi mini in ba shi ɗan wani abu da in ƙona data. Yana da Mint duka biyun da nake so, mai Cinnamon da mai Xfce. Da ya ji abin da za mu yi, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ku bar yarinyar nan da abin da kowa ya sani. In kuna so in sa mata Windows 11 ta bayan gida, jika biyu ne." Na ce na san ana yi, amma na'urar da ke nishi da 10 ba za ta ji daɗin 11 ba, kuma babu tabbacin gyaran tsaro zai riƙa zuwa mata. Bai ji haushi ba, mutumin kirki ne. Shi ma ya ce yana amfani da Linux in zai ceto fayilolin mutane daga diskin da ya ƙi tashi, kawai dai masu kawo gyara ba sa tambayarsa. Ya zuba mana fayilolin biyu a kilen USB da ke ɗauke da Ventoy, wadda ke ba ka damar tara tsari da yawa a kile ɗaya ka zaɓi wanda za ka tayar. Kafin mu tashi na gwada lambar tantancewa ta SHA256 da wadda ke shafin Mint, suka yi daidai. Fayil ɗin da ya bi hannuwa da yawa, gara a tabbatar.

Abin da nake so duk mai niyyar wannan aiki ya sani shi ne ana iya gwada tsarin ba tare da an girka shi ba. Muka soka kile, muka kunna, na riƙa danna F12 har jerin zaɓi ya fito, Mint ya tashi daga cikin kilen, diskinta ko ƙwarzane bai samu ba. Na miƙa mata na ce ta yi duk abin da ta saba yi. Sauti ya fito. Hasken allo yana raguwa yana ƙaruwa. Maɓallan AZERTY, wato jerin haruffa irin na Faransanci, suka zauna daidai da muka zaɓi Faransanci. Wifi ne ya ƙi bayyana, na kuma yi tsammanin haka, don wasu tsofaffin na'urori suna da katin da ke buƙatar direba ta daban, wato ƙaramar manhajar da ke sa shi aiki. Muka haɗa wayarta da igiyar caji, muka kunna raba intanet ta USB, manhajar direbobi ta Mint ta gano abin da ya ɓace. Da muka gwada Cinnamon ta buɗe shafuka da yawa a Firefox, sai aka ji tana ɗan jan ƙafa. Xfce kuwa ta tafi sumul. Ita da kanta ta ce, "Kawu, wannan ta biyun za mu sa."

Wani abu ya faru a nan da ya faranta mini rai ƙwarai. Tana da wani kile da ta ɗauka ya lalace tun da ta kai shi shagon buga takardu, duk fayilolinta suka koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. Wannan ƙwayar cutar kowa ya san ta a garin nan. Da ta soka shi a Mint, sai ga manyan fayilolinta duka a fili, hotunan gonakin gwaji da teburorin awon tsiro, a gefe kuma ga ƙananan fayilolin cutar a zaune ba su iya motsi, don an rubuta su ne su yi aiki a Windows. Ta dafe ƙirji ta yi ta hamdala. Muka kwashe nata, muka share sauran.

Ban ɓoye mata inda za ta ji canji ba. Word babu shi a nan, LibreOffice ne. Yana buɗe takardun Word yana kuma adanawa a irin tsarinsu, amma wani lokaci tebur ko lambar shafi kan ɗan goce in an buɗe a wata kwamfutar. Malaminta yana son rubutun Times New Roman, Mint kuwa da Liberation Serif yake zuwa, wanda faɗin haruffansa ɗaya ne da na wancan, don haka shafuka ba sa rikicewa, kuma ana iya sauke na asalin daga baya. Na ce duk abin da za ta kai a buga, ta mayar da shi PDF tukuna. Ga aikin karatunta kuwa ta ci riba: QGIS na zanen taswirar gonaki da R na lissafin ƙididdiga duka kyauta ne kuma suna aiki lafiya a Linux. Amma na ce ta tambayi malamin tun yanzu ko akwai wata manhaja da ya wajabta wadda Windows kaɗai take bi, kada abin ya zo mata a ƙurarren lokaci.

Girkawar ita ce mafi sauƙi a cikin yinin. Mun fara kwashe duk takardunta zuwa diskin waje na, ta duba da idonta ta tabbatar sun shiga, don zaɓin da muka yi zai share komai. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, batirinta kuma ba abin dogaro ba ne, sai muka dakata. Ba a fara girka tsari da wutar da ba ta tabbata ba, in ta yanke a tsakiya sai an sake daga farko. Muka yi magariba, muka ci tuwo, maƙwabcina mai sola ya ce mu shigo. A ɗakinsa muka ƙarasa. Ta zaɓi harshe, ta sa alama a wurin da ke ba da damar kallon bidiyo da sauraren sauti iri-iri, ta zaɓi Yamai a taswirar lokaci, ta rubuta kalmar sirrinta ni kuma na kau da kai. Ba ta rubuta umarni ko ɗaya a baƙin allon nan da ake tsorata mutane da shi ba.

Da kwamfutar ta tashi, na nuna mata abu uku kawai don kada in cika ta. Ɗan garkuwar da ke ƙasan allo shi ne mai sanar da gyare-gyare, kuma ba ya sauke su sai ta ce ya sauke, don haka za ta iya jira sai ta samu wifi a makaranta ko ta sayi data ta dare. Timeshift yana ɗaukar hoton tsarin, in wani abu ya ɓaci a koma baya, muka ɗauki na farko nan take. Sai ma'ajiyar manhajoji, inda za ta nemi duk abin da take so a maimakon sauke fayil daga shafukan da ba ta sani ba. Na kuma ƙara mata tsarin maɓallan Hausa, ta rubuta ɗ da ƙ da ɓ ta yi murmushi, ta ce tambayoyin da za ta yi wa manoma da Hausa za ta buga su yanzu yadda ya kamata.

Kwamfutar ba ta koma sabuwa ba, diskin nan mai juyawa shi ne ke riƙe ta, kuma na faɗa wa yaya ta waya cewa in an samu hali a sauya shi da SSD, diski mara juyawa mai sauri, a ƙara ram zuwa giga 8. Ran Litinin za ta kai babi na farko shagon buga takardu ta ga yadda teburorin za su fito, ta kuma tambayi malaminta maganar manhajar. Maƙwabcina ya ce in bar masa kilen zuwa gobe, yana da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado da yake son mu gwada bayan la'asar.