Laisin huɗu kawai suka juya mini furotin

Ni dai karatun digiri na biyu ya kawo ni Jidda, kuma aikin da aka ɗora mini a lab shi ne in gano yadda furotin ke sanin ɓangaren da zai fuskanta idan ya shiga tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta. Mutane na zaton sai an gama ƙera shi sannan a kai shi wurinsa, to ba haka ba ne, ribosom, injin ƙera furotin a ƙwayar, na cikin haɗa shi yana tura shi ta wata ƙofa da ke jikin tantanin, a bakteriya sunanta SecYEG, a jikinmu kuma Sec61, wato tun yana rabi ake yanke masa hukunci.

Tun 1986 Gunnar von Heijne ya lura cewa laisin da ajinin, biyu daga cikin amino asid ɗin da ake jerawa a haɗa furotin, masu caji fosatif, sun fi taruwa a ɓangaren da ke cikin ƙwayar. Na karanta na ce to, amma sai da na gani da idona abin ya zauna mini. Da bakteriyar E. coli muka yi, muka liƙa wani furotin mai suna PhoA a wutsiyar furotin ɗinmu, shi wannan ba ya aiki sai ya fita waje da tantanin, idan ya fita kuwa bakteriyar sai ta yi shuɗi a faranti. Na farko shuɗi shar. Sai na ɗauke laisin daga gaban guntun da ke ratsa tantanin, amino asid wajen 20 ne marasa shiri da ruwa, na jera guda huɗu a bayansa, washegari na buɗe inkubeta wallahi kusan fari fat, furotin ya juya kai ƙasa ƙafa sama.

Wani babanmu Bahaushe haifaffen Makka da ke kula da kayan lab ya leƙo ya ce, ɗana ko dai sun mutu ne? Na ce Baba lafiyarsu lau, wutsiyar ce ta ƙi fita. Tambayarsa ba ta banza ba ce fa, don fari kaɗai ba hujja ba ne, ƙila furotin ɗin ma ba a ƙera shi ba ko an narkar da shi, dole na koma na tabbatar yana nan a jel ɗin da ake tace furotin a gan shi, sannan na sake gwadawa da wani furotin, GFP, wanda shi a ciki yake haske, sai ga shi kore.

Dalilin kuwa, cikin bakteriya negatif ne idan aka gwada da waje, kamar batir, saboda haka fosatif ba ya son ficewa, su kuma amino asid masu negatif irin su aspatet jan su ake yi waje, ga kuma kitsen tantanin mai negatif irin kadiyolifin da ke riƙe laisin ɗin. Da na zuba wani sinadari mai suna CCCP na kashe wannan bambancin cajin, tasirin ya ragu amma bai tafi duka ba.

Wurin da ka sa cajin ma magana ne, idan ya yi nisa da guntun ƙarfinsa raguwa yake. Kuma kada ka matsa wa bakteriyar ta yi ta zubo furotin, ƙofar cushewa take yi sakamakon ya rikice maka. Yanzu kafin in yi odar firaima, guntayen DNA da nake canza furotin ɗin da su, sai na zauna da biro na ƙirga K da R, wato laisin da ajinin, a kowane gefe tukuna.