Shekarata Guda a Kantin Kayan Masarufi

Na fara aiki a wani babban kantin kayan masarufi da ke unguwar PZ a Zariya a ƙarshen Oktoban 2022, bayan na kammala difloma a fannin kasuwanci. Ƙa'ida ce ɗalibin poli ya yi shekara guda yana koyon aiki kafin ya nemi gurbin babbar difloma, kuma wannan daban take da SIWES, wato koyon aiki na wata huɗu da muka yi muna tsakiyar karatu. Na shiga da zaton za a zaunar da ni kusa da manaja in riƙa duba lissafi a kwamfuta. Manaja ya karanta takardata, ya ninke ta, ya ce in je sito wurin Baba.

Wata uku na yi a siton nan. Baba dattijo ne da ya fara a matsayin yaron shago a kasuwar Sabon Gari tun ba a haife ni ba, kuma da ajami yake rubuta lissafinsa a wani littafi mai baƙin bango. Kullum da safe sai mun ƙirga abin da ya fita jiya, mu gwada da abin da kwamfutar masu karɓar kuɗi ta nuna. In an samu giɓi, ko na gwangwanin tumatir ɗaya ne, ba ya zama sai ya gano inda ya shiga. Da farko abin ya yi mini nauyi, har na yi tunanin neman wani wurin. Yau ina ganin da an fara kai ni ofis, da na fito ban san komai ba.

A Disamba, wata rana mota ta iso daga kasuwar Singa ta Kano ana dab da kiran magariba. Baba ya tafi alwala ya bar ni da 'yan dako. Ga sanyi, ga gajiya, kowa na son ya tafi gida, sai na ce su jera sababbin katan-katan na lemon kwali a gaba, inda ya fi sauƙi. Na san ƙa'idar sarai, don na rubuta ta a jarrabawa: kayan da suka fara shigowa su za su fara fita. Na ce gobe zan gyara, kuma ban gyara ba. Sai a ƙidayar ƙarshen Janairu muka jawo katan shida daga can baya, wa'adinsu ya wuce.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini biro ya ce, “Ɗana, a kan kowane katan nawa muke ci?” Na ce kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sari. Ya ce, “To, katan nawa za mu sayar kafin mu mayar da waɗannan?” Na buga, sittin. Ya ce, “Sittin ɗin nan kuma ba riba ba ce, ramuwa ce kawai.” Na tsaya ina kallon kwalayen, kunya ta rufe ni. Wani daga cikin yaran kanti ya kawo shawarar a karya wa masu talla a tasha, tunda lemon bai canza kama ba. Da maganar ta kai kunnen Alhaji mai kantin, cewa ya yi abin da ba zai ba 'ya'yansa su sha ba, ba zai sayar wa ɗan wani ba. Ni da kaina na zubar da shi a kwata, kwali bayan kwali. Tun daga ranar, in na ɗauki kaya, gindinsa nake fara juyawa in duba kwanan wata.

A sito na gane cewa kwantai ya fi ɓarawo cin shago. Kayan da suka zauna a kanta wata uku kuɗi ne da aka ɗaure, wanda da sukari ko man girki aka saro da shi, da ya juya sau da yawa. Na kuma gane cinikin Zariya yana bin albashi da makaranta. Daga 25 ga wata zuwa farkon sabo, ma'aikatan jami'ar Ahmadu Bello da na asibitin Shika da sojojin Depot suna sayen buhu da katan. Tsakiyar wata kuwa sai ɗai-ɗai. Na zo ne ana fitowa daga yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, kuma Baba ya nuna mini shafukan watannin nan a littafinsa, yadda taliyar yara da madarar leda suka yi ta kwana babu mai tambaya.

An mayar da ni wurin karɓar kuɗi daidai lokacin da canjin kuɗi ya ritsa da mutane. Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin ba su wadata ba. Kowa ya koma taransifa, intanet ɗin bankuna kuma ta kasa ɗauka. Mutum zai tsaya da kayansa a leda rabin awa muna jiran alat. Sau ɗaya wani ya nuna mini shaidar tura kuɗi a wayarsa, na yarda na sallame shi, kuɗin ba su taɓa shigowa ba. Daga nan muka kafa doka: sai mun gani a asusunmu.

Amma dokar ba ta da amsa ga wata dattijuwa daga cikin birni da ta zo da tsofaffin kuɗi a ƙulle a bakin zane, ba ta da asusun banki, ba ta da babbar waya. Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, an hana mu karɓa.” Ta ce, “To ɗan nan, jikokina me za su ci?” Na rasa ta cewa. Alhaji ya sa aka buɗe littafin bashi, Baba ne ke faɗin wanda za a rubuta, don ya san gidajen mutane har kakanni. Ni a lokacin ina ganin ganganci ne, domin abin da na karanta shi ne bashi a shagon sayar da ɗai-ɗai hanyar karyewa ce. Kafin ƙaramar salla, in ban da mutum biyu, kowa ya biya. Har yanzu na yarda bashi na kashe shago, sai dai na ga cewa sanin mutane ma jari ne, kuma ba a kwamfuta Baba ya ajiye nasa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne bayan 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin mota daga Kano ya tashi, sari ya tashi, aka ba ni aikin sauya farashi a kan kayan da muka saro tun da tsohon kuɗi. Hannuna ya yi nauyi. Na samu Alhaji na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba cutar mutane ba ce?” Bai ji haushi ba. Ya ce in ɗauka mun saro katan a dubu 10, mun sayar dubu 11, muka koma Singa muka tarar ya zama dubu 12. “A littafi ka ci riba, a kanta kuma katan ɗinka ya ragu. Ka yi haka sau biyar, ka cinye uwar kuɗi, yaran nan goma sha biyu su koma gida.” Na fahimta, kuma gaskiya ce. Na kuma lura bai taɓa yarda a ɓoye kaya a sito don jiran tsada ba, ko da dillalai suna ba shi wannan shawarar.

Duk da haka fahimta ba ta hana ni jin zafi ba. Akwai wani malamin firamare da ke zuwa duk ƙarshen wata. A Yuli ya ajiye kayansa a gabana, na faɗa masa jimla, ya yi shiru, sannan ya zare babban gwangwanin madara ya tura gefe a hankali, yana kallon wani wuri. A makon nan na ƙirga irin wannan sau goma sha ɗaya, na rubuta kowanne da abin da aka mayar. Na kai wa manaja takardar, na ce mu rage manyan gwangwanaye da manyan jarkokin mai, mu ƙara na leda da ƙananan kwalabe. Ya duba, ya kira Baba, Baba ya buɗe littafinsa na ajami ya ce haka yake gani shi ma. Jerin sarin da motar ta tafi da shi Kano a farkon Agusta, da rubutun hannuna ta tafi.