Na ce haƙori ne

Ƙannena masu sabon goyo, ku saurari inda na yi kuskure.

'Yata tana da wata tara ta fara amai da sassafe. Ba zazzaɓi, ba gudawa. Da ta farka sai aman ya fito da ƙarfi, sannan ta lafe a jikina. Kowa a gida ya ce haƙori ne, ni ma na yarda, don abin da zuciyata ke son ji ke nan. Na je kemis sau uku, na sayo maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da an gwada jini ba.

Hular da na saƙa mata da hannuna ta daina shiga kanta, na ce girma ne. Maɗigarta ta kumbura, ta yi tauri ko tana zaune shiru, idanunta suna kallon ƙasa har farin ya bayyana a sama. Abin da ya fi yi mini ciwo a yau shi ne zama. Yarinyar da ta iya zama da kanta ta koma faɗuwa gefe, ni kuwa ina tara mata matasai ina cewa ƙiwa ce.

Wata biyu na ɓata. Ranar da muka je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta zagaya kanta da tef, ta kira likita nan take. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙari a wurin da ake samar da ruwan cikin kai, ruwan ya taru yana danne komai. Irin wannan ƙarin ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ya fi kama jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu. An yi aiki an cire, alhamdu lillahi ba mai yaɗuwa ba ne. Amma dannewar ta riga ta taɓa jijiyar ido.

Yawancin aman yara ba ƙari ba ne, kada ku firgita. Sai dai haƙori ba ya kumbura maɗiga, ba ya ƙwace wa yaro abin da ya riga ya iya. Duk ranar riga-kafi ku roƙa a auna kai a rubuta a kati. Jariri kan zo da kai kusan santimita 35, saurin ƙaruwar ne likita ke dubawa. Muddin maɗiga ba ta rufe ba, ana iya leƙa cikin kai da na'urar sikanin irin ta masu ciki.

Yanzu shekararta shida. A layin gaba take zama a aji, da ido ɗaya take karatu.