Ina Ungulayen Zariya Suka Tafi?

Ɗaurin auren 'yar kawuna ne ya kai ni Zariya a farkon daminar bana. Na hau mota a Unguwa Uku da sassafe, muka miƙe titin Kaduna, muka wuce Kura da Ciromawa da Kwanar Dangora, ƙasa ta sha ruwan farko sai ƙamshi take yi. Gab da Tashar Yari na hangi wani manomi yana huɗa da garmar shanu, balbelu sun jeru a bayansa, duk inda garma ta kifar da ƙasa sai su kai baki su tsince tsutsa da ƙwaro. Can gaba kaɗan tarakta ce ke aiki, ita ma da nata balbelun, ko a jikinsu ƙarar inji da hayaƙi. Tsuntsuwar da muka sani da bin garken Fulani tana kama farar da kofato ya tayar, ashe ta gano ƙarfe ma yana tayar mata da abinci. Da muka sauka a Kwangila na sake cin karo da su, amma a kan bola, su da hankaki suna tonon leda, farin gashin nan ya yi duƙun-duƙun.

Gidan kawu yana cikin birni. Wanda ya san Zazzau ya san rimi ne adonta, har unguwanni suka ci sunansa: Rimin Doko, Rimin Tsiwa, Rimin Danza. Da ɗan acaɓa ya shiga da ni ta Ƙofar Doka ina ta ɗaga kai, sai na ga dogayen itatuwan sun yi ƙaranci ƙwarai a kan yadda na san su ina yaro, inuwarsu ta zama shaguna da benaye. Kududdufin bayan gidan kawu, wanda daga cikinsa kakanni suka haƙi ƙasar ginin unguwar, an cike shi da shara an aza gini a kai. A daren nan aka yi ruwa mai ƙarfi. Da can, in aka yi irinsa, kukan kwaɗi ba ya barin baƙo ya runtsa. Na kasa kunne, ba abin da ke tashi sai janareton maƙwabta.

Washegari da asuba aka haɗa ni da ɗan kawu muka tafi mahauta sayo naman biki. Nan ne tafiyar ta canza mini. An fara fiɗa, jini na gangarawa kwata, ƙuda ya yi baƙi a kan tumbin da aka zubar a gefe, wasu karnuka ramammu suna ja-in-ja da hanji, ɗaya kunnensa duk gyambo. Na dubi rufin kwano, na dubi katanga, na dubi sama. Babu ungulu ko ɗaya.

Wani dattijon mahauci yana zaune a kan benci yana wasa wuƙa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina ungulayen wurin nan?"

Ya dakata da wasa wuƙar ya dube ni. "Ɗana, kai baƙo ne, ko ka daɗe ba ka leƙo ba?"

Na ce na daɗe.

"To sun riga ka tafiya. Da, kafin mu kayar da sa na farko sun cika kwanon nan. Tsakanin ƙafafunmu suke yawo, sai ka ture ta da ƙafa kafin ta matsa. Mu yanki abin da ba ma so mu wurga musu. Kafin hantsi ya dubi ludayi wurin nan tas, ko wari ba ka ji. Yanzu dubi." Ya nuna tarin tumbin da bakin wuƙa.

Na tambaye shi abin da ya kore su. Ya ce ba kora ba ce, kamu ne. Wasu mutane suka fara zuwa suna neman kan ungulu da ƙafarta da ƙwanta, wai ana haɗa maganin farin jini da na sa'a da na ciwon hauka. Da abin ya zama kuɗi, sai a barbaɗa guba a nama a ajiye musu, su ci su zube, a kwashe a buhu. Ga shi kuma an sare rimaye da tsamiyoyin da suke sheƙa a kai. "Ungulu ba ta jewar banza," in ji shi, "amma ta yi jewa ta sauka ina?"

Abin da dattijon ya gani da idonsa, shi masana suka tabbatar. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa irin wannan ungulu tamu ta gari a matakin da ke dab da ɓacewa daga doron ƙasa, kuma cinikin sassan jikinta a Afirka ta Yamma yana cikin manyan dalilai. Tsuntsuwa ce mai jinkirin yaɗuwa: ƙwai ɗaya tak take sakawa a sheƙa, ta yi wata da watanni tana renon ɗan. In aka kashe goma a safiya guda, an share haihuwar shekaru. Cikinta kuma yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, shi ya sa abin da zai zama annoba a gari yake ƙarewa a cikinta. Indiya ta ɗanɗana rashinta. A can wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diclofenac, shi ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushen shanun, har fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'insu suka mutu daga shekarun 1990. Kafin gwamnati ta hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, karnukan titi sun samu mushe a yalwace sun hayayyafa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Dalilinmu daban da nasu, amma da na dubi karnukan mahautar nan gabana ya faɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk cikin tsuntsayen daji ba wadda ta yarda da mu kamar ungulu. Mikiya tana can nesa, ba ta sakin jiki da mutum. Ita kuwa ta shigo gari, ta zauna a kasuwarmu, ta ɗauke mana ƙazanta ba lada, muna mata kirarin ƙazama. Wannan yardar ce ta sa kama ta ya zo da sauƙi.

Bayan an ɗaura aure an watse, na tari Keke Napep zuwa Wusasa, inda tsohon cocin nan na ginin ƙasa yake tun 1929, garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi. Daga nan na taka zuwa gindin Kufena. Dutsen da Zazzagawa suka zauna a kewayensa bayan sun baro garin Turunku, kafin birnin yanzu ya kafu, gidajen bulo sun matso shi sosai. Tun daga nesa kake jin guduma. Masu fasa dutse sukan hura wuta a kan falalen har ya tsage, su bi shi da guduma, mata da yara kuma suna zaune a rana suna farfasa shi ya zama tsakuwa, tifa na jira. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema, kuma da tsakuwar nan ake ginin da mu ma muke kwana a ciki. Sai dai kogunan dutse da ramukan da ake fasawa gidan wasu ne.

A wata 'yar gona da ke gindin dutsen na tarar da wani magidanci yana shukar masara, yana sara da sungumi ɗansa na binsa da iri. Muka gaisa, na yi masa barka da ruwa. Ya ce lokacin yana yaro, in masara ta fara goyo, mahaifinsu rumfa yake kafa musu a tsakiyar gona, su wuni da majajjawa da gwangwani suna korar birai masu gangarowa daga dutse da rana tsaka.

"Yanzu fa, Malam?"

"Biri ya yi ƙaura. Ɗan nan nawa bai taɓa ganinsa a nan ba, sai a hannun gardi."

"Ka huta ke nan."

"Na huta da biri, ban huta da ɓera ba. Da akwai mujiya, akwai tunku, akwai macizai a tsagin dutsen nan, su ke rage mana su. Mujiya an ce tsuntsuwar mayu ce, yara su jefe ta. Maciji kowane iri ne, a kashe. In rani ya yi a cinna wa ciyawa wuta don gafiya guda. To wa ya rage? Ɓera."

Ya ja ni bakin wata 'yar ƙorama inda ruwan jiya ya kwantar da yashi, ya tsuguna ya nuna mini da yatsa. Sawu ne ƙanana masu kama da na kare amma sun fi tsukewa, sun bi gefen ruwa a jere, farcen ya nutsa a yashin. Ya ce dila ne. Kusa da shi ga kashin zomo ƙulu-ƙulu a ƙarƙashin sabara. "Suna nan," in ji shi, "amma ba za ka gan su ba. Sai guduma ta yi shiru, babura sun daina wucewa, dare ya raba, sannan su fito."

Wannan ma ba a Kufena kaɗai ba ne. A 2018 mujallar Science ta buga binciken Kaitlyn Gaynor da abokan aikinta, inda suka tattara nazari 76 a kan nau'in dabbobi masu shayarwa 62 a nahiyoyi shida. Suka gano cewa duk inda mutane suka yawaita, dabbobi suna mayar da harkarsu dare: wadda a da take raba kiwonta rabi da rana rabi da dare, sai na daren ya kai kusan kashi 68 cikin 100. Kuma ba sai an farauce su ba, ko yawan giftawar mutane ya isa. Wato sun bar mana rana sun ɗauki dare. Akwai wahala a ciki ga dabbar da idonta da farautarta na rana ne, amma dai ta tsira da ranta, abin da ungulu ba ta samu ba.

Da na hau saman dutsen ina haki, garin ya shimfiɗu a gabana, kwano na ƙyalli ta ko'ina. Sai na tuna Harar, tsohon birnin Musulmi mai ganuwa a Habasha, inda har yau kuraye ke shiga gari da dare ta kafofin ganuwa su cinye abin da mahauta suka zubar, wasu mutane ma suna ba su nama da hannu a bayan gari. Sun daɗe a haka, kowa ya san iyakarsa. Mu ma irin wannan zaman muka yi da ungulu, ba a rubuce ba, kuma ya yi aiki tsawon zamani.

Daga can sama, inda ya fi duhun itatuwa shi ne wajen Samaru, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Na je da yamma gaida wani abokin karatu. Ana kiran magariba jemagu suka fara tashi daga itatuwa suna ketawa sama. Wani mai lambun mangwaro da muka yi salla tare ya ce shi kam ba ya ƙaunarsu, sukan lalata masa nunannun 'ya'ya a dare ɗaya, kuma gaskiyarsa ce, asara ce a aljihunsa. Amma jemagen nan shi ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan itace zuwa wancan a ɗorawa da kuka da rimi, waɗanda furensu da dare yake buɗewa. Kalwar da ake daddawa da ita, da hannunsa a ciki.

Ana gobe zan koma na tarar da ƙaramar taƙaddama a ƙofar gidan kawu. Akwai wata tsohuwar tsamiya a gaban gidan maƙwabcinsa, shamuwa ta yi sheƙa a kanta. Na tsaya a ƙasa na ƙare musu kallo: baƙin baya, farin ciki, fuska shuɗiya da ɗan ja a gaban ido, ɗaya na tsaye a bakin tarin kiraren, ɗaya na kwance. Daga kudancin Afirka suke biyo ruwa su zo mana duk shekara, su yi ƙwai a cikin gari, su wuni a gonaki suna cin fara da tsutsa. Manoma na ganinsu suke fito da iri, kuma tun muna yara an hana mu ko nuna sheƙarsu da danƙo. Maƙwabcin, saurayi ne da ya gaji gidan, yana son ya yi shago a wurin, har ya yi ciniki da masu gawayi.

Kawu ya kira shi zaure. "Ɗana, filinka ne, ba mai hana ka. Amma ka san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa ta zo tana fuffuka, cewa ya yi a mayar mata da su. Waɗannan ƙwai suke kwanci."

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Baba, na riga na karɓi kafin alƙalami, kuma da shagon nan nake so in riƙe su Inna."

Kawu ya ce shi zai biya masu gawayin kuɗinsu. Aka kira magini ya auna, ya ce in aka ja ginin baya kaɗan aka rage faɗinsa, shago zai fita ba a taɓa tsamiyar ba, sai dai a datse reshe guda da ya yi ƙasa, shi ma bayan kaka in tsuntsayen sun tashi. Saurayin ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Da safe, ina ɗaure jaka, ya aiko ƙaninsa ya gaya wa kawu cewa Inna ta ce a bar itacen, kakansu ne ya dasa shi.