Hayar Komai A Ciki: Yadda Muke Yin Ta A Katsina

Sana'ata kula da gidajen haya ce a nan cikin garin Katsina, ɗakuna sef kontan da ƴan fulat masu ɗaki biyu, wasu wajen Ƙofar Ƙaura wasu a Layout. Mafi yawa ba nawa ba ne, amana ce masu gidajen suka damƙa mani, ni da yarana muke jujjuyawa. Bambancinmu da dillali shi ne shi yana karɓar la'adarsa ya tafi, mu kuwa muna nan tare da kai har hayarka ta ƙare, kuma kuɗin da ka biya ruwa da wuta da gadi da kwasar shara duk suna ciki.

Masu zuwa wajenmu yawanci baƙi ne, ƴan bautar ƙasa da suka fito daga kam ɗin hanyar Mani, likitoci da nas nas na Asibitin Koyarwa na Tarayya, malaman jami'ar Umaru Musa Ƴar'adua, ma'aikatan banki da aka yi wa taransifa. Baƙo bai san ɗan garuwan unguwa ba, bai kuma da lokacin bin maƙwabta ɗaki ɗaki ana tara kuɗin katin mita, wanda duk ya taɓa zaman gidan haya mai mita ɗaya ya san yadda zumunci ke lalacewa a kan wannan, kati ya ƙare tsakar dare ana zafi kowa ya ce ai wane ne ke cinye yunit.

Ruwa bai cika ba mu wahala ba. Ba kowace unguwa ruwan famfo na Ajiwa ke kaiwa kullum ba, don haka gidan da babu bohol ba na karɓarsa. Sumo, wato injin da ke jawo ruwa daga bohol, muna kunna shi da tsakar rana lokacin da sola ke da ƙarfi, a cika tanki, shi ke nan.

Wuta ce wurin da sana'ar nan take tsayuwa ko ta faɗi. Haya shekara shekara ake biya amma kuɗin wuta da mai ba sa jiran shekara. A ƙarshen watan Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, alhali mun riga mun karɓi kuɗin mutane a kan tsohon lissafi, janareta kuma dole a tada shi. Ban ƙara wa kowa ko sisi ba har hayarsa ta cika, domin alkawari aka yi kuma da shaidu, amma wallahi mun ji a jikinmu. Sai ga Afrilu 2024 an mayar da yunit ɗin wuta na masu Band A, wato rukunin da ya fi samun wutar nepa, naira 225. Tun daga nan na raba takarda biyu, kuɗin ɗaki na shekara, kuɗin hidima kuma bayan wata shida mu zauna da mai haya mu sake dubawa, in nuna masa rasit ya gani da idonsa.

Kuma fa komai a ciki ba ya nufin komai da komai, wannan nake faɗa tun kafin mutum ya ciro kuɗi. Fanka ba ta wuce wat 70 zuwa 80 ba, amma hita ɗin nan da ake tsomawa cikin bokiti tana jan 1000 zuwa 1500, ka ga mutum ɗaya zai dafa ruwan wanka da asuba lokacin sanyi ya kwashe batirin da ya kamata ya riƙe gidan gaba ɗaya, inbata ta fara ƙara ta mutu. To layin sola na fitila ne da fanka da talabijin da caji da ƙaramin firij, soket ɗinsa ma kalarsa daban don kada a ce an manta. AC da ayan da hot filet suna kan layin nepa, kowane ɗaki da ƴar mitarsa, akwai yunit ɗin da muka ɗauke maka, abin da ya hau kai naka ne. Wani zai ce Alhaji ai wannan ba komai a ciki ba ne kenan, sai in ce ɗan'uwa gara ka ji yanzu da ka ji a watan Afrilu, rana ta kai digiri 40 batir ya mutu ƙarfe 2 na dare ga yara suna kuka.

Abin da ke ɓata mani rai shi ne masu tallar wuta awa 24 a Facebook, ka je ka tarar da fanel biyu a kan rufi da batir ɗaya da ya gaji, ɗakuna takwas. Sun cuci baƙo, sun kuma sa mu da muke ƙoƙarin gaskiya ana mana kallon masu tsada.

In za ka kama irin wannan gida, ko ba a wajena ba, ka je da yamma bayan magariba ka ga ko fanka na juyawa, ka buɗe famfon banɗaki, ka tambayi wa ke biyan kwashe sokawe da gyaran sumo in ya ƙone, sannan kuɗin ajiya na ɓarna a rubuta ranar da za a maido maka shi a cikin takardar.