Almakashin Kawu

Shekara uku na yi a shagon Kawu ina yaro, har na bar shagon ban taɓa yanka rigar da ta zauna a jikin mai ita ba. Ɗana bai cika shekara ɗaya da rabi a wannan shagon ba, ga shi ranar Talata ya yanka wa maƙwabcinmu arragi, 'yar gajeriyar rigar nan da mazan Sudan ke sawa su sha iska a gida. Mutumin ya saka, ya juya gaba, ya juya baya, bai sami abin kushewa ba. Na yi murna, ba ƙarya. Amma da dare barci ya ƙi zuwa, ina ta tambayar kaina ko dai ni ne daƙiƙi tun asali.

A watan Disambar 2023 muka iso Gadarif a gabashin Sudan, lokacin da yaƙi ya shigo Madani, garin da muke zaune. Mu bakwai Kawu ya karɓa a gidansa. Ni malamin firamare ne, ga makarantu a rufe, yaron kuma shekararsa 12, ba abin yi sai zaga layi. Wata rana da la'asar na leƙa waje, na gan shi da sa'o'insa sun gindaya igiya a bakin layi, kowa ya rataya karan dawa a kafaɗa, suna tsayar da ƙananan yara suna cewa a fito da takardu. Tsawar, tsayuwar, har yadda ake karkata kai a dubi mutum sama da ƙasa, babu abin da suka bari. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Ta tagar mota suka gani a hanya.

Nan na tuna Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam, wanda muka karanta a kwalejin horon malamai don cin jarrabawa kawai. A 1961, a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya sa ƙananan yara sun kalli wani babba yana jibgar 'yar tsanar roba mai iska, irin wadda in an buge ta take sake miƙewa. Da aka bar su da ita, sai suka jibge ta yadda suka gani. Gwajin da ya yi a 1965 shi ya fi tsaya mini a rai. Yaran da suka ga an hukunta mai dukan ba su cika kwaikwayonsa ba, amma da aka ce za a ba da tukuici ga duk wanda ya nuna abin da ya gani, sai ga shi sun iya tsaf. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, haka ne, sai dai tsoron hannu yake riƙewa, abin yana nan ajiye a kai. Washegari na kama hannun yaron na kai shi shago. Tunda ido ba zai daina ɗauka ba, gara ya ɗauki zare da allura.

Tsarin shagon bai canja ba tun zamanina. Shara da hura gawayin guga, sannan ɗinka maɓalli, sannan kalmasa, sai a hau keke a yi ɗinki miƙaƙƙe. Almakashi shi ne na ƙarshe. Dalilin Kawu gajere ne: maɓalli in ya karkace a warware, yadi kuwa in ya yanku ya yanku. Wata Ba'amurkiya mai nazarin al'umma, Jean Lave, ta zauna da telolin Monrobiya a Laberiya cikin shekarun 1970, ta tarar su ma haka suke yi, almajiri daga ƙarshen riga yake farawa ya koma farkonta. Mai guga hannunsa ya san siffar gamammiyar riga tun kafin ya san yadda aka haɗa ta.

To duk waɗannan matakan ni ma na haye su lafiya. A bakin almakashi na tsaya.

Kawun zamanina ba ya magana in yana aiki. Zai dubi mutum sau ɗaya, ya ɗora tef wuri biyu ko uku, ya ja alli, sai ka ji ƙaras-ƙaras, an gama. Ni ina gefe ina kallo kamar zan haɗiye hannunsa. Na kwaikwayi komai, har saƙala alli a bayan kunne da ɗan tarin da yake yi kafin ya sa almakashi. Abin da ban gani ba shi ne dalilin da ya sa ya ƙara wa wannan mutumin yatsa biyu a baya, wancan kuma bai ƙara masa ba. Wannan lissafin a cikin kansa yake, kai kuwa ba shi da taga. In na ɓata yadi, magana ɗaya ce: "Kai ba ka da ido ne?"

Yanzu Kawu ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, lambobin tef ba ya ganinsu. Dole yaron ya zama idonsa, kuma dole shi ya faɗi da baki duk abin da a da yake yi shiru. Ina zaune a benci da kofin shayi nake jinsu.

"Abokina, nawa ka gani a kafaɗa?"

"19, Kaka."

"To ka lura da bayan mutumin? Ya ɗan ranƙwafa, yankan riɗi ya cinye shi. Ƙara yatsa biyu a baya, in ba haka ba rigar ɗagewa za ta yi kamar jelar zakara. Yadin an jiƙa shi?"

"A'a."

"Auduga ce, in ta sha ruwa tsukewa take yi. Me za ka yi ke nan?"

Shekara talatin da wani abu bayan na bar shagon, sai a benci na ji amsar abin da ya gagare ni.

Lev Vygotsky, masanin Tarayyar Sobiyat da tarin fuka ya kashe a 1934 yana da shekara 37, ya ce tsakanin abin da yaro ke iya yi shi kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya akwai wani fili, wato abin da zai iya in wanda ya fi shi sani ya tallafa masa. A filin nan koyo yake faruwa. Kawu bai taɓa jin sunan mutumin ba, amma na ga yadda yake janye tallafin kaɗan-kaɗan. Da farko hannunsa a kan hannun yaron. Daga baya sai umarni. Daga baya tambaya kawai. Kwanan nan shiru yake yi yana jan carbi, sai in ya ji ƙarar almakashin ta canja ya ce, "Tsaya."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa ranar Talatar nan ce. Kawu ya tafi masallaci da wuri, na shigo ta baya yaron bai ji ni ba. Ya shimfiɗa yadin maƙwabci, yana magana shi kaɗai ƙasa-ƙasa: "To abokina, an jiƙa? An jiƙa. Wuyan nan kar ka zurfafa, in ya yi kaɗan a ƙara, in ya yi yawa sai haƙuri." Da Hausa. Wannan yaron da a Madani in uwarsa ta yi masa Hausa da Larabci yake amsawa, har kakarsa, haifaffiyar Mai Wurno, tsohon garin Hausawa da Fulani a nan Sudan, tana mitar mun bari harshen iyayenmu ya zube a hanya. Kuma kansa yake kira abokina.

A kan irin wannan surutun manyan masana biyu suka saɓa. Jean Piaget na Suwizalan, wanda shi da Vygotsky duk a 1896 aka haife su, ya ɗauka alamar ƙuruciya ce, yaro bai iya sa kansa a matsayin mai sauraro ba tukuna, in ya kai kamar shekara bakwai sai ta bushe. Vygotsky ya ce ba bushewa take yi ba, nutsewa take yi. Maganar da aka yi da kai ita ce kake yi wa kanka a bayyane, sannan ta koma ciki ta zama tunani, in aiki ya yi wuya kuma ta sake leƙowa ko da ka girma. A kwaleji na haddace wannan na rubuta na ci maki. A bakin ƙofar shago na yarda da shi.

Sai na tambayi kaina, ni wace murya ce ta nutse a cikina daga shagon nan? Ban sha wahalar nema ba. Har yau in na ɗauki almakashi, ko takarda zan yanka wa ɗalibai, abin da nake ji shi ne, kai ba ka da ido ne. Abin kunyar ma, ni kaina na sha juya wa aji baya in warware lissafi a allo shiru, in juyo in ce, "Kun gani ai?"

Da Kawu ya dawo na kasa haƙuri. Na ce, "Kawu, me ya hana ka yi mini irin wannan bayanin a lokacina?"

Ya daɗe yana laluben takalminsa da ƙafa kafin ya zauna. "Wanda ya koya mini bai taɓa ce mini uffan ba," in ji shi. "Ni ban ma san ina da abin faɗa ba sai da idon ya tafi." Ya ce in an sayar da riɗi bana za a kai shi a cire masa yanar, na ce Allah ya sa a dace. Sai ya miƙo mini tef, ya ce ga wani yadi can, in auna.

Na ɗora tef a gefen yadin. Yaron ya dube ni, ya dubi kakansa, sannan a hankali ya ce, "Baba, ba a jiƙa wannan ba tukuna."