Ɗigon da na share

Gobe zan miƙa makullin ofis, bayan shekara uku ina fama da manhajar da ke karanta zanen hannu na injiniyoyin lantarki ta mayar da shi zanen kwamfuta. Abu ɗaya ne har yau yake ci mini rai.

Zanen da aka ɗauka da sikana ba ya rasa datti: ƙura, tabon tawada, burbushin fensir. Sai na rubuta matatar hoto, wato ƙaramar manhaja mai goge duk wani ɗan baƙi kafin manhajar ta fara karatu. Hotuna suka fito fes, oga ya kai su taron manya kamar shi ya kwana a kansu. Abin da ya shige mini duhu shi ne, a zanen lantarki ɗigo magana ne. In wayoyi biyu suka gitta juna da ɗigo a mahaɗa, haɗe suke. In babu, wucewa kawai suka yi. Matatata ta ɗauki ɗigon injiniya a matsayin datti ta share. Ranar gwaji wani dattijon injiniya ya dubi allo ya ce, "Yarinya, wannan ai ba zai kawo wuta ba." Na rasa inda zan sa kaina.

Laifina ne, ban musa ba. Tun 1963 Sketchpad, manhajar zane da Ivan Sutherland ya ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, tana riƙe da wane layi ke haɗe da wane, ni kuwa na tsaya kan kyan hoto. Amma sau biyu na roƙa a ba mu injiniya ya zauna da mu ko yini guda a mako, oga ya ce ɓarnar kuɗi ce. Da abin ya lalace, sunana kaɗai ya fito a rahotonsa.

Ga wanda zai gaje ni: kada ka gwada manhajar da hannun mutanen da ta koya daga zanensu, ruɗin kai ne. Alamomin ma sun bambanta: alamar rezista (mai rage gudun wuta) a Amurka zigzag ce, a ma'aunin ƙasa da ƙasa na IEC ɗan akwati. Tsakanin alamar batir da ta kafasita (mai ajiye caji na ɗan lokaci) bambancin tsawon layi ɗaya ne kawai, hannu kuma ba ya awo.

Gyaran ya ci mini mako uku. Yanzu matatar tana duba inda ɗigon ya faɗa da kaurin layin kafin ta taɓa shi. Ita ake amfani da ita har yau, kuma babu rahoton da ya faɗi wanda ya yi ta.